Sojan gona a shagona: daga caji ofis zuwa ranar hukunci

Mu masu saye da sayar da waya sakan-han a Kano, ba faɗuwar ciniki ce ta fi tayar mana da hankali ba. Abin da ke hana mu barci shi ne ranar da za a tsaya a bakin shago a ce wayar da ka saya makon jiya ta sata ce. Tun da ƙwacen waya ya yi ƙamari a gari, ana soke mutane da wuƙa a kanta, har a 2023 majalisar tsaro ta jiha ta ce za a riƙa ɗaukarsa a matsayin fashi da makami, kowa a kasuwa ya shiga taitayinsa. Muna da littafi. Duk wayar da ta shigo sai an rubuta lambar IMEI ɗinta, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata daban, a ɗauki hoton wanda ya kawo ta da katin shaidarsa, ya sa hannu. Duk da haka in aka ce 'yan sanda sun shigo layi, har mai gaskiya sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Wannan tsoron wani ya gano ya mai da shi jari, kuma ta dalilinsa na san yadda ake bin shari'ar laifi tun daga kantar caji ofis har ranar da alƙali ya rufe fayil.

Ba na shago ranar. Ɗan yayata ne a ciki, wanda nake koya wa sana'a, bai fi shekara 19 ba. Da hantsi wani ya zo kamar mai saye, ya ɗauki wata Samsung ya jujjuya, ya danna *#06# don ganin lambar IMEI kamar yadda kowane mai saye ke yi, ya taya, aka yi masa albarka, ya tafi. Bayan azahar sai ga adaidaita sahu ta tsaya. Wani ya sauko da baƙar riga mai rubutun 'yan sanda a baya, ankwa na reto a ƙugunsa, oba-oba a hannu. Ya ce shi saje ne daga sashen bin diddigin waya. Ya zaro takarda ya karanto lambobi 15, ya ce yaron ya duba wayoyin da ke cikin gilas. Lambobin suka yi daidai da na Samsung ɗin, ba ko ɗaya da ta kauce. A gaban maƙwabta ya ɗaura masa ankwa ya tura shi cikin adaidaita, kuma ba wanda ya ce uffan.

Da wayar yaron aka kira ni. "Kawu, sun kama ni," iyakar abin da ya iya faɗa ke nan aka karɓe. Mutumin ya ce, "Alhaji, an kashe mutum a kan wayar nan. In na shigar da yaronka ofis aka rubuta, magana ta fi ƙarfina, sai dai ka je gidan yarin Kurmawa ka gan shi." Na ce ya faɗa mini ofishin in same su can. Ya ce in dai ina son rufin asiri kada in tako ofis, a kashe maganar a hanya. Ya yanka naira 300,000, muka tsaya a 150,000, ya karanto mini lambar asusu, na tura. Suka sauke yaron a gefen titi, suka wuce da wayar wai kayan shaida ce.

Da daddare na buɗe littafi. Wayar daga hannun wani tsohon kwastoma ta fito, malamin makaranta, da kwalinta da rasiɗinta. Na kira shi, ya ce shi ya saye ta sabuwa, shi ya ɓare ta a leda. Washegari na je wurin shugaban ƙungiyarmu. Ina cikin ba shi labari ya dakatar da ni, ya aika a kira mutum biyu daga wani layi. Ashe su ma an yi musu, salo iri ɗaya: mai tayi da safe, mai ankwa da rana. Kowannensu ya haɗiye abinsa ne don tsoron kada a ce ya ba da cin hanci, ko kasuwa ta ji an danganta shagonsa da kayan sata.

Muka ɗunguma caji ofis na yankinmu. A kanta aka shigar da ƙorafin a babban littafi, aka kai mu wurin DPO. Ya tambayi sunan da mutumin ya bayar, ya sa aka duba. Ba saje mai wannan suna a ofishinsa, ba kuma wani ƙorafi a kan wayar. Ya yi waya hedikwata a Bompai, can ma ba a san da aikin ba. Sai ya haɗa mu da sufeto mai bincike.

Rubuta bayani ya ɗauki lokaci. Ina faɗa da Hausa, sufeto yana rubutawa da Turanci, sannan ya karanta mini yana fassarawa kafin in sa hannu. Duk wanda ya tsinci kansa a kan bencin nan kada ya ji nauyin cewa a maimaita masa, domin takardar za ta biyo shi har kotu, kuma lauyan wanda ake ƙara layi-layi zai bi ta. A nawa an rubuta cewa na ga mutumin. Na ce a gyara, muryarsa kawai na ji.

Akwai tambayar da sufeto ya yi ta nanata wa yaron. Ya nuna maka bindiga? Wuƙa fa? Ko wani abu mai kama da makami? Yaron ya ce a'a, ankwa ce kawai. Daga baya ya bayyana mana dalili: da akwai makami, da tuhumar ta koma fashi da makami, wanda babbar kotu ke sauraro, kuma hukuncinsa a dokar tarayya kisa ne. Da maganar ta koma kasuwa, sai ga masu ba da shawarar mu ce da bindiga ya zo, "don ya ji a jikinsa". Na ƙi, uwar yaron ma ta ce ɗanta ba zai buɗe girmansa da shaidar zur ba.

Saƙon banki da ke wayata shi ne bakin zaren. Asusun na wani mai POS ne a wata unguwa can daban, wanda ya ce mutumin yakan zo ya ce masa oga zai turo kuɗi, ya karɓa a hannu ya bar masa caji. Amma ba binciken ne ya kamo mai ankwar ba, ƙafarsa ce ta dawo da shi. Bayan 'yan makonni ya sake shigowa kasuwar ta wata ƙofa, ya tsaya a shagon wani dattijo mai gyara. A lokacin labari ya riga ya zagaya. Dattijon ya ce, "Yallaɓai, ba matsala, zauna ka sha ruwa, bari a kira shugaba mu rankaya ofis tare." Sai ya kara oba-oba a kunne, ya ce ana nemansa, ya juya da sauri. Ihu ɗaya aka yi. Ba don shugaba ya jefa shi ofishin ƙungiya ya datse ƙofa ba, da ba a kai ga wata shari'a ba. Oba-obar da aka tsinta a ƙasa ko batir babu a cikinta.

A ɗakinsa 'yan sanda suka samo cikakken kaki mai igiya uku, da hula, da takalmi, da katin shaida da aka buga masa a shagon kwamfuta. Aka jera shi cikin wasu mutane, yaron ya nuna shi kai tsaye. Ba a jima ba aka gurfanar da shi a wata kotun majistare.

Ranar farko a kotu ba ta mai ƙara ba ce, zaman jira ne. Ɗakin cike yake da 'yan uwan waɗanda aka kawo, gandirobobi na tsaye a bakin ƙofa, ana kiran ƙara bayan ƙara. Da aka zo kan tamu, magatakarda ya karanta rahoton farko na 'yan sanda, takardar da suke kira FIR, tafinta yana juyawa. Tuhuma huɗu ce: haɗin baki, sojan gona, sa kakin da ba nasa ba, da karɓar kuɗi ta hanyar tsoratarwa. Aka tambaye shi ko ya fahimta, ya ce ya fahimta. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne? "Ba gaskiya ba ne, ya mai shari'a." Aka ba da belinsa bisa sharaɗin ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, ɗaya ma'aikacin gwamnati. Bai iya cikawa ba, aka wuce da shi gidan gyaran hali.

A baranda na tare lauyar gwamnati mai gabatar da ƙara, na ce, "Barista, shekara nawa zai sha?" Ta ce in fara sanin abin da ake tuhumarsa da shi tukuna. Ta buɗe kundin Final Kod, wanda aka zartar a 1959 zamanin gwamnatin Sardauna, ya fara aiki a 1960, kuma har yau da shi kotunan majistare na Kano ke hukunta laifi. Sashe na 132 shi ne na sojan gona. Ya hau kan duk wanda ya yi da'awar yana riƙe da wani muƙamin ma'aikacin gwamnati alhali ya san ba ya riƙe da shi, sannan ya aikata wani abu ko ya yi yunƙurin aikatawa da sunan muƙamin. Hukuncinsa ɗauri ne da zai iya kaiwa shekara 3, ko tara, ko duka biyun. Sashen bai ware ɗan sanda shi kaɗai ba. Wanda ya ce shi jami'in kwastan ne ko mai karɓar haraji, duk nan zai faɗo. Ta ɗora yatsa a kan "aikata wani abu", ta ce cika baki a majalisar shayi cewa kai saje ne bai wadatar ba, sai an nuna ka yi aiki da muƙamin, kamar kama mutum, ko bincike, ko ƙwace kaya. "Ankwar da aka ɗaura wa yaronka," in ji ta, "ita ce shari'ar."

Sashe na 133 kuma na sa kaki ne, ko ɗaukar wata alama irin ta ma'aikata da nufin a zaci kai ma cikinsu kake. Ɗaurin wannan bai wuce wata 6 ba, tararsa kuwa a asalin kundin fam 20 ce, kuɗin zamanin da ba a san naira ba, tun da ita sai 1973 ta fito. A jihohin kudu masu aiki da nasu kundin, sashe na 108 shi ma shekara 3 ya yanka wa mai sojan gonan ma'aikacin gwamnati, na 109 kuma shekara 1 ga wanda ya sa kakin soja ko na ɗan sanda don a ɗauke shi a haka.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba sojan gonan ne ya fi nauyi a takardar ba. Sashe na 292, na karɓar dukiya ta hanyar tsoratarwa, yana kaiwa shekara 5. Wato a ma'aunin kundin, kuɗin da aka tatsa ya fi rigar da aka tatsa da ita girma. Ni dai har yanzu ina ganin rigar ce tushen ɓarnar, domin ba don ita ba da maƙwabtana ba su tsaya suna kallo ana tura yaro cikin adaidaita ba. Kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmomin nan biyu, "ko tara". Mutumin da ya tatsi shago uku, tara ba za ta gagare shi ba.

Na kuma tambaye ta abin da ya rufe bakin maƙwabtana, batun cin hanci. Ta ce wanda aka tsorata ya ba da kuɗi don ya karɓo ɗansa daga hannun wanda ba ma'aikaci ba, shi aka zalunta, shaida ne ba abin tuhuma ba. Da mutanen kasuwa sun san wannan tun farko, da ba a kai ga shagona ba.

Mako bai zagayo ba aka yi sallama a ƙofar gidana bayan isha'i. Mahaifiyarsa ce da ƙanin mahaifinsa, sun haɗo da limamin unguwarmu. Tsohuwa ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa a zaure. "Ɗana, ka dubi girman Allah," ta ce, "shi ke ciyar da ni, ga mata ga 'ya'ya biyu." Baffan nasa ya ce yaro ya sha neman aikin ɗan sanda bai samu ba, ya koma zaman bakin ofis ana aikensa sayen abinci, a nan ya ɗauki maganarsu da tafiyarsu. Sun zo da naira 40,000 ƙulle a leda, sauran za su biya a hankali, in dai na janye.

Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta daren nan ba. An tashe mu a kan cewa in babba ya tako har gidanka to magana ta ƙare. Liman ya kawo falalar yafiya, kuma gaskiya ya faɗa. Na roƙi su ba ni lokaci. Da na kai wa Barista maganar sai ta ce, "Alhaji, kuɗinka haƙƙinka ne, kana iya yafewa, in kuma sun biya kotu za ta duba wajen sassauci. Amma sojan gona ba kai kaɗai aka yi wa ba. Duba bangon fayil ɗin, sunan Kwamishinan 'Yan Sanda ne a matsayin mai ƙara, ba naka ba." Sannan ta faɗa mini abin da ba ya cikin kundi. In shaidu suka daina zuwa, za a ɗage, a sake ɗagewa, har lauyansa ya nemi a kori ƙarar, kuma kotu za ta kora. Ba sai na rubuta takardar janyewa ba, zamana a shago kawai ya isa ya kashe shari'ar.

Maƙwabtan nan biyu haka suka yi. Ɗaya an ba shi wani abu ya ce ya bar wa Allah, ɗaya ya ce ba zai riƙa rufe shago yana zaman benci ba. Ban ga laifinsu ba, rufe shago wuni guda asara ce ta gaske ga mai iyali. Ni abin da ya tsayar da ni yaron ne. Tun daga ranar ya daina son zaman shago shi kaɗai, in adaidaita ta tsaya a ƙofa sai ya miƙe tsaye. A layi kuma akwai masu raɗe-raɗin cewa ba a kama mutum haka kawai. In na janye, maganar ta zauna a kansa ke nan. Na koma wurin liman na ce, "Allah gafarta Malam, ɓacin ran da ke tsakanina da shi na yafe. Ba zan ƙara masa ko kalma ɗaya ba, in an tambaye ni zan ce iyayensa sun zo sun ba da haƙuri, kuɗin kuma su kai ta hannun kotu. Amma shaida zan bayar." Ya yi shiru, sannan ya ce ai ɓoye shaida ma Alƙur'ani ya hana a ƙarshen Baƙara, shi zai yi wa tsohuwa bayani.

Daga nan aka shiga ɗage-ɗage, watanni suna wucewa. Wata rana ba a kawo shi daga gidan gyaran hali ba, wata rana lauyansa yana wata kotun. Wadda ta fi cin lokaci ita ce takardar banki. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta ce duk takardar da kwamfuta ta fitar sai an haɗo ta da shaidar ingancin na'urar da ta fitar da ita, saboda haka saƙon da ke wayata bai isa ba, sai da aka rubuta wa banki aka jira.

Ranar da aka kira ni akwatin shaida, magatakarda ya tambaye ni ko zan rantse da Alƙur'ani ko zan yi alƙawarin faɗin gaskiya, na yi alƙawari. Alƙali da hannu yake rubuta duk abin da aka faɗa, sai ka yi magana kaɗan ka tsaya, tafinta ya juya, biro ya gama tafiya, sannan ka ci gaba. Jinkirin yana da amfaninsa, yana hana mutum zuba. Da Barista ta gama, lauyansa ya miƙe.

"Alhaji, ka ga wanda ake ƙara a ranar?"

"Ban gan shi ba."

"To ta ina ka san shi ne?"

"Ban ce na sani ba. Na ce na ji murya, na tura kuɗi asusun da aka ba ni."

Ya ɗauko bayanina na caji ofis ya bi, ya tarar haka yake a can. Sai ya sauya hanya. "Ashe kai da bakinka ka yarda ka ba ɗan sanda cin hanci." Na juya wurin alƙali na ce, "Ya mai shari'a, an ce mini ɗana yana cikin ankwa, an ce an kashe mutum. Ba alfarma na saya ba, ɗana na karɓo."

Shaidar yaron ce ta fi tawa ƙarfi, shi ya gani da idonsa. Ya fara muryarsa na rawa. Da aka zaro ankwar daga ambulan aka tambaye shi ko ya gane ta, ya ce gefe ɗaya ya yi tsatsa, shi ya kankare masa fata, kuma akwai jan zare ɗaure a makullin. Aka juya ta a gaban alƙali, ga tsatsa ga zare. Daga nan muryarsa ta tsaya, lauya ya yi ta zagaya shi a kan launin riga da lokacin da abin ya faru, bai kauce ba. Mai POS ya zo da littafinsa. Sai wani jami'i daga sashen mulki na rundunar ya kawo takarda cewa wannan suna ba ya cikin jerin ma'aikatansu, ba a taɓa ɗaukarsa aiki ba, lambar da ke kan katin kuma ba tasa ba ce.

Da aka zo kariya ya ce shi ɗan sa-kai ne mai taimaka wa 'yan sanda da rahoto, bai taɓa cewa shi saje ne ba, kuɗin kuma kyauta aka ba shi ta shan mai. Barista ta sa aka miƙa masa katin. "Hoton wa ke nan?" Ya ce nasa ne. "Karanta wa kotu muƙamin da aka rubuta a ƙasa." Ya sunkuyar da kai, bai karanta ba.

Ranar hukunci alƙali ya daɗe yana karatu. Ya wanke shi daga tuhumar haɗin baki, ya ce ba a kawo hujjar da ta ɗaure shi da mai tayin safe ba sai zato, kuma kotu ba ta hukunci da zato. Raina bai so ba, amma na san gaskiya ne, ba wanda ya gan su tare. Sauran ukun ya same shi da laifi. Ya ce ko da ya tabbata ɗan sa-kai ne, sa-kai ba ya ba mutum igiya uku, ba ya ba shi ikon ɗaura ankwa da sunan saje. Lauyansa ya nemi sassauci, ya ce wannan ne karonsa na farko, ga tsohuwa ga ƙananan yara. Barista ta tabbatar ba shi da tarihin ɗauri, ta kuma faɗi cewa danginsa sun kawo naira 40,000.

A kan sojan gona aka yanke masa shekara 1 da wata 6, a kan kaki wata 3, a kan karɓar kuɗi da tsoratarwa shekara 2, duk babu zaɓin tara. Hukuncin tare zai tafi, wato shekara 2 ke nan gaba ɗaya, kuma lissafi zai fara daga ranar da aka fara tsare shi. Bisa sashe na 78 na kundin, wanda ya ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, aka umarce shi ya biya ni ragowar naira 110,000 da kuɗin wayar. Kaki da kati da ankwa aka ce a mai da su hannun hukuma. Aka sanar da shi yana da kwana 30 in zai ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu. Mahaifiyarsa tana bencin baya, na je na durƙusa na gaishe ta kafin in fita, ta amsa.

A kasuwa wasu sun raina hukuncin, musamman da suka ji in aka cire zaman jiran shari'a abin da ya rage masa ba shi da yawa. Ni "babu zaɓin tara" nake jira in ji, kuma na ji. Na nemi kwafin hukuncin a wurin magatakarda, shugaba ya sa aka karanta shi a taron ƙungiya da sunan shagona a ciki, raɗe-raɗin kayan sata ya mutu a wurin.

A taron aka yi dogon zance a kan dalilin da ya sa ba wanda ya tambaye shi kati tun ranar farko. Amsar ba ɓoyayya ba ce. Akwai ɓata-gari a cikin masu kaki na gaske da su ma kan zo da kayan gida, su ma kan ce a kashe magana a hanya, irin ƙorafin da ya fito da matasa titi har aka rushe SARS a watan Oktoba na 2020. Mai sojan gona abin da ya ga ana yi ya kwaikwaya, shi ya sa ba a gane shi ba. Alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce jami'in da zai tsayar da mutum ya bincike shi dole ya kasance cikin kaki ko ya rataya katin shaidarsa a fili, ya kuma faɗi sunansa da ofishin da ya fito. Ƙungiya ta tsayar da cewa duk wanda ya zo kama wani a kasuwa, a girmama shi, a ba shi wurin zama, amma sai an bi ta ofishin shugaba an kira DPO, sannan ɗan ƙungiya ya raka wanda aka kama har kanta. An manna lambar ofishin a bakin kowane layi.

Diyyar tana zuwa kaɗan-kaɗan ta hannun magatakarda, baffan nasa ke kawowa in ya samu, ni kuma ban matsa ba. Mai tayin safe har yau ba a kama shi ba. Yaron ya ce zai gane shi in ya gan shi, yana da tabo a haɓa, kuma sufeto ya ce mu kira shi ko da wane lokaci ne.